Ranar da Kawu Idi Ya Cire Wayar Batir

Wata Alhamis ce a ƙarshen damina, shekarar da nake aji huɗu a firamare, wadda kuma ita ce shekarata ta ƙarshe a boko. Ana idar da sallar La'asar ni da abokina Bitrus muka ɗauko batir daga wajen mai caji a bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi. Mun rataye shi da tsumma a jikin wata sanda, ya kama gaba na kama baya, muna tafe muna tangaɗi, ruwan batirin yana ɗiga yana cin gefen wandona. Ban damu da wandon ba. Abin da ke gabana shi ne mu isa gida kafin a sa katun, domin a ranar za a yi faɗan da muka yi wata da watanni muna jira, kuma ita ce rana ta ƙarshe da za a kunna talabijin a gidanmu. An yi wa baban Bitrus canjin wajen aiki zuwa Kafanchan, ranar Asabar za su tashi, kuma talabijin ɗin tasu ce.

Gidan haya ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya da ba a rasa faɗa a kanta. Mu daga wani ƙauye muka zo a wajen Bunkure. Babana lebura ne a wajen gini, sai ƙanen Innata, Kawu Idi, da ke jan ƙaramar bas yana kwana a zaure. Su Bitrus mutanen kudancin Kaduna ne. Babansa malamin makaranta ne, kowa Ticha yake ce masa, har matarsa. Ni da Bitrus tare muke komai ban da salla da coci. Da sassafe mu ja ruwa mu cika randunan gidan, mu kai niƙa, mu dawo da gari a gira. In an tashi daga makaranta mu ɗauki lauje da buhu mu nausa wajen Tarauni yankan ciyawa wa akuyoyin Inna. A lokacin akwai sauran gonaki a wajen, inda yanzu ko wurin ajiye keke ba ka samu. In an cire gyaɗa mu yi kala, mu cika aljihu, mu karyo kara mu zo mu yi mota da shi. Da yamma ni in tafi makarantar allo, shi ya zauna babansa ya tsare shi da lissafi. Alhamis da Juma'a ba karatun allo, kuma Allah Ya sa ranar Alhamis ake nuna katun ɗin. Na daɗe ina ganin kamar masu gidan talabijin sun san da ni ne suka yi haka.

Talabijin ɗin 'yar ƙarama ce, baƙi da fari, mai mariƙi a ka kamar akwatin wanzami. In lokaci ya yi Ticha ya fito da ita baranda ya ɗora a kan kujera, yaran gidan da na maƙota mu baje a ƙasa. Ba mu san sunan katun ɗin ba. Ana rubuta shi a farko, amma da wani irin rubutu mai ƙahonni da ba wanda ya taɓa karantawa, mu dai na 'yan Cana muke cewa. Mutanen ciki idanunsu manya-manya kamar faranti, hanci ɗan ɗigo. Mu muka raɗa musu suna. Jarumin yaro ne mai gashi a tsaitsaye, muka sa masa Kan Tsintsiya. Abokin gabarsa dogo ne mai hular ƙarfe da ƙaho biyu, bai taɓa cire ta ba, shi ne Mai Ƙaho. Ya ƙone garin su Kan Tsintsiya tun a farko, shi kuma yaron ya ɗauki takobi ya bi sawunsa. Sai wani tsoho mai gemu har cibiya da ke fitowa a kan dutse da sanda, ba ya faɗa, ba ya gudu, ba ya cin abinci, aikinsa kawai magana. Shi muka sa wa Tsoho Bayani. Da Turanci suke yi, wanda a cikinmu ba mai ji sai yayar Bitrus, Yaya Hannatu, da ke sakandare. Ita take zama a kan turmi tana juya mana, in ta ga dama. In an ɓata mata rai ta yi shiru, sai an ba ta haƙuri.

Abin da ya ɗaure mini kai tun ina yaro, har yau kuma bai sake ni ba, shi ne yadda mutanen nan ba sa sauri. A unguwarmu in yara biyu za su yi dambe, kafin ka ajiye bokiti an gama, har an raba. Su kuwa sai su tsaya suna kallon juna. A nuno idon wannan, a nuno idon wancan, a nuno ciyawa iska na kaɗa ta, a nuno gumi guda ɗaya yana gangarowa a kumatu a hankali kamar ba ya son sauka. Wani ya ɗaga takobi, kafin ya sauke shi sai ya tuna uwarsa, a tafi da mu can a nuna mana uwar tana shanya. A dawo, takobin yana nan a sama. Sai kiɗan tashi. Wani makon kuma a fara da maimaita abin da muka riga muka gani, kamar an ce mana mun manta. Ga shi in suna magana baki ne kawai ke motsi, sauran jiki a sandare. Ni da Bitrus mun sha gardama a kan wannan a wajen ciyawa. Shi ya ce haka mutanen ƙasar suke, ba a taɓa mutum sai an gaya masa dalili tun daga kakanni. Ni na ce masu gidan talabijin ne ke rage gudun abin don kada ya ƙare su rasa na nunawa. Har gwadawa muka yi a bayan gida, da takubban kara. Muka tsaya muna harara, na fara ba shi tarihin ƙauyenmu, ban kai ko'ina ba ya gaji ya kwaɗa mini a ka.

Duk da haka ba ma fashi. In Tsoho Bayani ya fito yara su yi tsaki, wasu su tashi su yi langa a tsakar gida, a bar mutum ɗaya ya yi gadi, in an zare takobi ya kira. Yaya Hannatu kaɗai ke tsayawa ta saurara, har da riƙe haɓa. In muka tambaye ta me ya ce, sai ta fara: wai akwai wani sarki, sarkin yana da dutse, dutsen ya rabu bakwai. Kafin ta kai na uku mun watse.

Makon da ya gabaci wannan Alhamis ɗin an tashi ne a daidai inda Kan Tsintsiya ya hau kan tsauni ya tarar da Mai Ƙaho yana jiransa. Ba sauran yaran Mai Ƙaho, ba sauran gada da za a tsallaka, su biyu ne kawai. A ƙarshe wata murya ta yi magana, Yaya Hannatu ta ce an ce mako mai zuwa za a yi ta ta ƙare. A cikin makon ne taransifomar unguwarmu ta ƙone, aka ce sai an yi karo-karo, kowa kuma ya san abin da wannan ke nufi. Gidan da ke da janareto a layinmu ɗaya ne, na wani Alhaji, ƙofarsa kullum a rufe da kare a ciki. Sai Ticha ya ce ai talabijin ɗinsa tana aiki da batirin mota, in za a samu.

A nan Kawu Idi ya shigo maganar. Shi a bakinsa katun shirmen yara ne. Amma duk Alhamis sai ka ga ya dawo da wuri, wai ya zo shan ruwa, ya tsaya a bakin zaure da kofi a hannu har a tashi, ruwan bai sha ba. A makon motarsa tana gareji an sauke inji. Ya jawo wani tsohon batir daga ƙarƙashin gadonsa, wanda ya daina tayar da mota tun bara, ya ce mu kai caji. Ya gargaɗe mu cewa batirin ya gaji, ba ya riƙe wuta, abin da zai iya kaɗan ne. Mun gwada shi ranar Laraba, muka ga gaskiyarsa: ana cikin kallo sai hoton ya fara tsukewa, baƙi yana cinye shi ta gefe-gefe, har ya koma kamar tafin hannu, ya mutu. Shi ya sa muka mayar da shi caji ya kwana, muka ɗauko a ƙurarren lokaci.

Muka iso gida muka tarar an cika. Kayan su Bitrus duk an ɗaure, katifu a naɗe, tukwane a cikin buhu, talabijin ce kaɗai aka bari a waje. Har Inna ta fito da tankaɗenta bakin ƙofa. Kawu Idi ya tsuguna a gefen kujera, ya kankare kan batirin da wuƙa, ya naɗa waya ɗaya, ɗayar ya riƙe a hannu ya dangwala. Wani ɗigon haske ya fito a tsakiyar gilashin, ya buɗe a hankali. Aka yi kiɗan farko, muka bi shi da baki yadda muka saba, ba tare da mun san me muke cewa ba. Aka maimaita hawan tsaunin. Aka nuno su biyun, iska na kaɗa rigunansu. Kan Tsintsiya ya zare takobi.

Sai ga Tsoho Bayani a kan dutse, a tsakaninsu.

Tsakar gidan ta ɗauki tsaki. Tsohon ya dogara sandarsa, ya rufe ido, ya buɗe baki. Kawu Idi ya dube shi, ya dubi gefen hoton, ya ga kamar hoton ya fara tsukewa. Kawai sai ya ɗage wayar. Gilashin ya yi baƙi.

"Lodi suke yi," in ji shi. "Direban da ya san aikinsa ba ya barin mota a kunne a tasha ana lodi. In sun cika ma tashi."

Yaya Hannatu ta miƙe daga kan turmi. "Kawu, don Allah ka mayar. Yau abin da yake faɗa da muhimmanci."

"Wancan makon ma haka kika ce, 'yar Ticha. Me ya faɗa? Sunan kakan wani dutse."

Aka yi dariya, har da Ticha da ke ɗaure kwali a ɗaki. Gaskiya a lokacin duk muna bayan Kawu. Mun ga yadda batirin ya mutu jiya, mun kuma san tsohon nan in ya fara ba ya gajiya. A ganinmu dabara ce ta mutumin da ya san hanya. Haka yake yi da mota: in ya hau gangara ya kashe inji ya bar ta ta sulala, in ya tsaya ɗaukar fasinja ya kashe, bai taɓa yarda mai ya ƙone a banza ba. Bayan ɗan lokaci ya dangwala wayar. Hasken ya buɗe, ga tsoho yana nan, bakinsa na motsi, takobin Kan Tsintsiya yana inda muka bar shi. Kawu ya ɗage, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Yara suka yi masa tafi. Da ya sake mayarwa karo na biyu, an bar tsaunin ma gaba ɗaya, ana nuna wasu yara biyu ƙanana a bakin rafi, muryar tsohon tana tafe a kai. Yaya Hannatu ta matso har tana taka ƙafata, ta ce, "Tsaya, tsaya, ya ce wai ranar da ruwa ya tafi da..." Kawu ya ɗage.

"Sun koma ƙauye ɗauko fasinja," ya ce. "Wannan sai an jima."

Ta koma kan turmi ta naɗe hannu.

To, a nan ne abin ya lalace. Shiru ya yi yawa, ga jama'a sun zuba masa ido, ga shi an yi masa tafi. Wani yaro ya tambaye shi me ya sa batir ke gajiya. Kawu Idi ya gyara tsuguno. Ya fara daga ruwan batir, da bambancinsa da ruwan rijiya. Ya wuce zuwa wani batir da ya taɓa saya a Sabon Gari aka cuce shi. Daga nan ya shiga labarin ranar da mota ta mutu masa a hanyar Zariya da fasinja cike, har da wata mata mai kaji, da yadda ya sa aka tura ta baya-baya ta tashi. Wayar tana hannunsa yana nuni da ita, yana zana hanyar Zariya a iska. Maman Bitrus ta fito da dafaffiyar gyaɗa a faranti, ta ce ta sallama ce, aka shiga wawaso. Ni ina ci ina kallon baƙin gilashin, na san lokaci yana tafiya, amma yaro ba ya katse kawunsa. Bitrus ne ya yi ƙarfin hali ya ce, "Kawu, a duba ko sun cika."

Ya dangwala. Ɗigon hasken ya buɗe.

Mai Ƙaho yana kwance a ƙasa. Hular ta rabu biyu, ƙaho ɗaya can gefe. Kan Tsintsiya ya yar da takobi, ya durƙusa ya rungume kansa a cinya yana kuka, irin kukan da hawaye ke zuba kamar an buɗe famfo. Fuskar Mai Ƙaho, wadda muka yi watanni muna gardamar ko ta mutum ce ko ta dodo, gashi ya rufe ta, ga kuma bayan yaron ya tare. Tsoho Bayani ya juya yana tafiya. Aka ɗaga hoton sama zuwa gajimare, rubutu ya fara hawa, kiɗan tashi ya shigo.

Wata yarinya ta tambaya ko an fara faɗan ne. Kawu Idi ya ce ba mamaki za su maimaita, ai kullum suna maimaitawa. Muka zauna muna jira, wayar a manne, ya danne ta da babban yatsa. Ba su maimaita ba. Wani mutum ya fito da babbar riga ya yi bayanin takin zamani, muka kalle shi tun daga sallama har ƙarshe, hoton a cike fal, ko tsukewa bai yi ba. Batirin bai mutu ba sai da aka kira Magariba.

Muka taru a kan Yaya Hannatu, me ya sa yake kuka, ba shi ya ƙone musu gari ba, su wane ne yaran bakin rafi. Ta ce, "Ku tambayi direba." Daga baya da ta huce ta ce ita ma ba ta sani ba, rabin zance ta ji, ba za ta yi mana ƙarya ba. Kawu Idi ya ɗauki batirinsa ya shige zaure. Washegari da na kai masa koko ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mutum ya yi wata shida yana surutu, sannan ya yi faɗa a lokacin cin gyaɗa. Wannan ai rashin tsari ne." A raina na ga yana da 'yar gaskiya.

Ranar Asabar motar kaya ta zo. Muka taya su lodi, aka naɗe talabijin a bargo, Maman Bitrus ta rungume ta a gaba. Bitrus ya ce in ya je can zai tambaya, ba mamaki a Kafanchan ba su kai wajen ba tukuna, in ya gani zai aiko a gaya mini. Alhamis ta gaba na taka har unguwar Babban Giji, inda na ji wani tela yana da talabijin, na leƙa ta taga. Wani shiri ake yi daban, na wasu 'yan tsana. Saƙon Bitrus bai zo ba, ni ma ban san inda zan aika nawa ba. Kafin wata damina an cire ni daga makaranta an kai ni gareji.

Yanzu adaidaita sahu nake ja, daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni zuwa inda fasinja ya ce, in dawo gida bayana kamar an daka. Kawu Idi ya rasu, Allah Ya ji ƙansa. Ina da 'ya, Fa'iza, tana ƙaramar sakandare, ita ma ta kamu da irin waɗannan masu manyan idanun, a wayar uwarta take kallo. Ita ta gaya mini ba 'yan Cana ba ne, na Japan ne, wai anime ake ce musu. Na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina, me ya sa suke jan abu haka. Ta ce wai wani lokacin daga littafi ake ɗaukowa, in sun kusa kamo mai rubutawa sai su riƙa jan ƙafa. Ni kuma nawa tunanin, zana baki yana motsi ya fi zana faɗa sauƙi, kowa kuma yana son aiki mai sauƙi. Ko wanne ne oho. Na ba ta labarin namu, ta ce in faɗi sunansa ta nemo mini yanzun nan. Na ce Kan Tsintsiya da Mai Ƙaho. Ta yi dariya har ta ƙware. Ta nuno mini masu tsayayyen gashi sun fi a ƙirga, masu ƙaho ma haka, duk masu launi, ban gane ko ɗaya ba.

Ita ba ta jiran Alhamis, ba ta ɗaukar batir, ba ta da tsakar gida cike da yara masu taya ta tsaki. Ita kaɗai ce da abin kunne. In suka fara magana sai ta sa yatsa ta ja, maganar ta wuce, ta sauka daidai kan faɗan, in ta zarce ta dawo baya. Ran nan na dawo da wuri saboda ruwan sama, na tarar da ita a kan tabarma, na ga wani tsoho ya fito a wayar ya buɗe baki, ta ɗaga yatsa. Na ce ta bari. Na zauna kusa da ita, na ce ta cire abin kunnen ta juya mini abin da yake faɗa, duka, kada ta tsallake. Ta ce, "Baba, wallahi ba abin da zai ce, surutu ne kawai." Na ce na sani, ta dai faɗa. Ta yi ta juyawa tana ƙunƙuni, wani sarki, wata rantsuwa, wani ƙauye da aka manta. Gaskiyarta ce, surutun ya yi yawa, rabinsa ma an riga an faɗa, har na fara gyangyaɗi ta taɓa ni.

Amma na zauna har ya gama maganarsa.